Abin da na koya a gindin murhun Gwaggo

Shekara uku na yi ina taya Gwaggona sana'ar abinci bayan na gama sakandare, ranar Lahadi mu tafi kasuwar Gujungu tun duku-duku, sauran ranaku kuma a ƙofar gida muke waina da safe, tuwo da yamma. Lokacin ni a ganina wahala ce kawai ake bani, hayaƙi ya cika min ido, hannu duk baƙin tukunya. Sai da na yi aure na shiga kicin ɗina ni kaɗai sannan na gane ashe makaranta na shiga ban sani ba.

Da za a kai ni ɗaki an saya min saitin tukwanen nan na nonsitik masu murfin gilas, an jera a kabet gwanin sha'awa, ni ma wallahi na ji daɗi. Gwaggo ta zo ganin ɗaki ta ɗauki ɗaya ta juya gindinta ta ƙwanƙwasa da farce, tace "ke 'yar nan, a wace wutar za ki ɗora wannan?" Ban ba ta amsa ba don ban fahimci tambayar ba. To a garinmu itace ne da kara da gawayi, gas sai lokaci-lokaci, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi har masu silinda da yawa suka koma kurfoti. Ko wata biyu ba a yi ba hannun robar babbar tukunyar ya narke, baƙin shafin cikin ya fara ɓarewa yana bin abinci. Daga baya na gane shi wannan shafin ba ya jure zafin da ya haura digiri 260, harshen wutar itace kuwa ya wuce nan nesa ba kusa ba, ga shi ni da cokalin ƙarfe nake juyawa ina kankare shi. Tukunyar ba ta da laifi, an yi ta ne don wuta mai lissafi da cokalin katako, ni ce na kai ta inda ba wajenta ba.

Tuwo kuwa dama ba a maganarsa a irin waɗannan. Tuƙi yana son tukunya mai nauyi mai kaurin gindi wadda za ki taka gefenta da tsumma ki tuƙa ba ta gudu ba, irin ta dalma da maƙera ke narka alminiyam su zuba a yashi. Kaurin nan shi ke raba zafi ko'ina, talge ya dahu a natse, in kin rufe ya turara ba zai kama ya ƙone ba sai ɗan ƙanzo mai daɗi. Sirirriyar tukunya tsakiyarta ce kawai ke ɗaukar wuta, ki ga ƙasa ya ƙone sama da sauran gari. Amma fa dalma tana da nata sharaɗin, ba ta shiri da tsami. Gwaggo ba ta taɓa barin ruwan tsamiya ko zoɓo ko miyar tumatir su kwana a ciki ba, tana saukewa take juyewa a roba ko kwanon silba, don tsami na cin jikin tukunyar ya yi mata ƙananan ramuka, abincin ma ɗanɗanonsa ya canja. Kuma tunda tarkacen ƙarafa ake narkawa ba ki san me da me aka haɗa ba, gara ki saya a hannun maƙerin da kika sani.

Abin da na fi daɗewa ina koyo shi ne tanda. Sabuwar tandar ƙasa in kika zuba ƙullu a ranar da kika sayo ta to kin yi asarar ƙullun, duk zai manne. Sai an shafe kowane gurbi da mai an ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, a sauke ta huce a sake, har ta sha mai ta yi baƙi tana sheƙi. Wannan baƙin da nake gani kamar datti ashe shi ne dukiyar tandar. Rannan na ɗauki soson ƙarfe da sabulu na dirje ta tas ina ganin na yi abin yabo, Gwaggo ta dawo ta gani ta yi shiru ta daɗe, sannan tace "shekara nawa kika wanke min yau?" Washegari waina ta ƙi tashi, masu saye suna tsaye da kwanuka, sai da muka yi kusan sati kafin ta dawo daidai. Har yau in na tuna raina ba ya min daɗi, don a jikin tandar nan take ciyar da gidanta. Yanzu tawa tsumma mai tsabta kawai nake sa mata in goge in kife. Kuma wutar kara ta fi mata, ki tura ki janye yadda kike so, gurbin tsakiya ya fi saurin yi don haka shi za ki fara juyawa.

Muciya, mara, maburgi, ludayi, waɗannan ba su da tsada amma ki duba kafin ki biya. Muciya mara nauyi a tsakiyar tuƙi take karyewa, mai tsaga kuma tuwo ke maƙalewa a ciki ya yi tsami. Maburgi shi ke hana miyar kuka gudaji, cokali ba zai yi miki wannan aikin ba komai ƙoƙarinki.

Turmi biyu Gwaggo take da su kuma ba ta yarda a haɗa. Ƙarami na jajjage da daddawa, babba na hatsi da fura. Katako yana shan yaji, in kika daka attarugu a turmin fura sai mai shan furar ya gaya miki. Ina da blanda, ba na kushe ta, ranar da wuta ta samu tana rage min aiki sosai musamman markaɗen tumatir, amma jajjagen dafa-duka ko na ɗanwake ba ta iya shi, tana mayar da shi ruwa ne, turmi ko greta su ne ke bada wannan ɓarzajjen da ake so. Haka madambaci, in ba ki naɗe mahaɗarsa da tukunya da jiƙaƙƙen tsumma ba tururi ta gefe zai dinga fita, ki ƙone itace a banza dambu yana nan ɗanye.

A kayan zamani wanda zan ce na fi cin moriyar kuɗina shi ne tukunyar fresha. Da yake tana kulle tururi, zafin cikinta na kaiwa wajen digiri 120 maimakon 100 na tafasar ruwa, shi ya sa wake da ganda da ƙafar saniya ke nuna da wuri, gawayin da zan ƙona a wake sau ɗaya yanzu yana min sau biyu. A kurfoti nake ɗora ta ba a murhun itace ba saboda hannunta da robar murfin, kuma ba a buɗe ta sai ta huce tururin ya gama fita, wannan ba abin wasa bane don tana ƙona mutum. Gwaggo har yanzu tsoronta take, in ta ji tana huci sai ta matsa can bakin ƙofa tace in dai kula.

Bana da aka tashi haɗa kayan ƙanwata Inna ta ce in rubuta abin da za a sayo. Na sa tukunyar dalma uku, babba da matsakaiciya da ta miya, kurfoti, turmi biyu, madambaci, kula ɗaya mai kyau da za ta riƙe zafin tuwo har maigida ya dawo daga gona, da wuƙa guda biyu haɗe da dutsen wasawa. Ƙanwar tawa ta ɓata rai wai ƙawayenta za su zo ganin ɗaki ba saiti a kabet, sai aka ƙara mata ƙaramin saiti ɗaya na ce ta ajiye shi don suyar ƙwai a gas. Tanda kuma Gwaggo ta hana a sayo sabuwa, tun saura wata biyu biki ta ɗauko ɗaya ta fara shafa mata mai da kanta.