Sa linkina in sa naka

Jiya da daddare wani imel ya sake shigo min, irin wanda duk mai shafi a intanet ya saba gani, wai sun ga shafina ya burge su, in sa linkinsu su ma su sa nawa kowa ya amfana. Na buɗe nasu shafin in duba, wallahi ko kusa bai da alaƙa da abin da nake yi, ni ina rubutu kan gyaran waya da kwamfuta su kuma maganin rage ƙiba suke talla, ga kuma caca a gefe. Na goge kawai. Amma abin ya tsaya min a rai, don akwai lokacin da ni ma nake tura irin wannan saƙon, kuma har yau ina ganin sabbin shiga suna ɓata lokacinsu a kai.

Asalin maganar daga Google ta taso. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a Jami'ar Stanford a Amurka suka fito da tsarin PageRank, wanda ke tantance shafin da zai fito a sama in an yi bincike, kafin su kafa kamfanin a 1998, kuma dabarar mai sauƙi ce, duk shafin da ya sa linkinka kamar ya kaɗa maka ƙuri'a ne, ƙuri'ar babban shafi kuma ta fi ta ƙarami nauyi. To mutane da suka gane haka sai suka ce ai shi ke nan, ka zaɓe ni in zaɓe ka. Abin da da yawa ba su lura ba shi ne nauyin nan rabawa ake tsakanin duk linkin da ke shafin, in mutum ya jera linki 200 a wuri ɗaya kai kana na 150, abin da zai iso gare ka bai taka kara ya karya ba.

Ni ma na buɗe wani shafi na sa masa suna Abokan Hulɗa, na yi makonni ina bin mutane da imel, har tebur na yi ina rubuta wa ya amsa wa bai amsa ba. Na tara kusan 40. Bayan wata biyu na zauna ina bin su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar wasu sun cire nawa shiru alhali nasu na nan a wurina, wani kuma ya bar linkin amma da na buɗe lambobin da ke bayan shafin sai ga nofollow manne a jikinsa, wato alamar nan da aka fito da ita a 2005 mai ce wa injin bincike kar ya lissafa wannan ƙuri'ar. Raina ya ɓaci sosai ranar, don ni da gaskiya na shiga.

Sai Afrilun 2012 Google ta saki Penguin, wani sabon tsari na kama shafukan da ke maguɗin linki, shafuka da yawa da suka ginu a kan tarin linkin bogi suka ruguzo daga saman sakamakon bincike, har a Oktoban shekarar aka fito da hanyar da mai shafi zai ce ba ruwansa da wasu linkin da ke nuno shi. Daga 2016 Penguin ya fi karkata ga yin watsi da irin wannan linkin maimakon hukunta shafin gaba ɗaya, amma har yanzu ƙa'idojin Google sun ambaci musayar linki da ta wuce kima a cikin abubuwan da suka hana. Masu wayo sun koma yin zagaye, na ɗaya ya sa na biyu, na biyu ya sa na uku, na uku ya dawo kan na ɗaya don kar a gane, ni dai ban ga dalilin wannan wahalar ba.

Kar wani ya ɗauka cewa nake duk shafuka biyu da suka sa linkin juna sun yi laifi, a'a, wannan yana faruwa kullum ba tare da an ƙulla ba. Akwai wani da ke rubutu kan batir, ya san abin fiye da ni nesa ba kusa ba, da na yi rubutu kan dalilin da waya ke zafi lokacin caji sai na sa linkin bayaninsa a tsakiyar rubutun, daidai inda mai karatu zai so ƙarin haske. Ban ma gaya masa ba. Can daga baya ya yi rubutu kan canza batir ya turo mutane wurina su ga yadda ake buɗe bayan waya. Wannan linkin guda ɗaya mutane na gaske yake kawo min, suna karantawa har su yi tambaya, abin da 40 ɗin can ba su taɓa yi ba.

Yanzu in saƙon musaya ya zo buɗe shafin nake in karanta rubutu biyu ko uku, in tambayi kaina ko zan tura mai karatuna can ko da ba su sa nawa ba. Shafin Abokan Hulɗa kuwa tuni na sauke shi, guda 3 kawai na tsira da su na mayar cikin rubutun da suka dace da shi.