Dodanni 55 da harsashi ɗaya: abin da na koya a Space Invaders

Na daɗe ina jin ana kiran Space Invaders kakan wasannin harbi, shi ya sa na nemo na asali, wanda kamfanin Taito na ƙasar Japan ya fitar a 1978, na sa a kwamfutata don in gani da idona. Kallon farko sai ka raina shi. Baƙin allo ne, da dodanni 55 jere cikin sahu biyar, kowane sahu 11, sai 'yar igwarka a ƙasa da ba ta iya komai sai harbi sama da matsawa hagu ko dama. Tsakaninka da su akwai ganuwa huɗu da ke tare maka harsasan da suke sako maka. Dodannin suna tafiya gefe, in suka taɓa bango su sauko taki ɗaya su juya. Suna isowa ƙasa, wasa ya ƙare, ko da rayukanka uku na nan cif.

Abin da ya fara ladabtar da ni shi ne harsashi. Ba ka da ikon sake harbi sai wanda ka saki ya sami wani abu ko ya ɓace a sama. Wanda ya saba da wasannin yanzu, inda ake danne maɓalli a yi ta harbin kan mai uwa da wabi, nan zai sha mamaki, domin kowane kuskure jira ne, su kuwa dodanni ba sa jira. Dole ka auna inda dodon zai kasance, ka saki harsashi ya tarye shi a can.

Daga nan na gane cewa cinye sahun ƙasa ba shi ne dabara ba, ko da yake shi ne ya fi kusa. Na gefe ake fara kakkaɓewa, daga ƙasa har sama. In ka rage faɗin rundunar, tafiyarsu zuwa bango za ta yi tsawo, saukowarsu ta ragu. Ganuwa ma ba abin lallaɓawa ba ce: nakan huda ta da kaina, in tsaya a ƙarƙashi ina harbi ta 'yar kafar, gefe da gefe suna kare ni.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne saurinsa. Tomohiro Nishikado, injiniyan da ya ƙirƙire shi, shi ya haɗa na'urar wasan da kansa a kan ƙwaƙwalwar Intel 8080, wadda ba ta da ƙarfin motsa dodanni duka a lokaci guda. Ɗaya bayan ɗaya take matsar da su. Saboda haka suna da yawa, suna jan jiki. Kana kashe su, aikin na'ura na raguwa, sauran na ƙara gudu. Nishikado ya lura da haka ya bar shi yadda yake. A ganina wannan shi ne ran wasan baki ɗaya, domin ƙwazonka ne ke jawo maka wahala. Ga kuma sautin nan huɗu masu kauri da ke bin takunsu, dum, dum, dum, dum, suna ƙara sauri har ka ji ƙirjinka na bin kiɗan. Dodon ƙarshe kuwa gudu yake kamar ɓarawon da aka yi wa ihu a kasuwa. Kada ka bi shi. Tsaya wuri ɗaya, ka bari ya zo da kansa.

Af, da farko ma ba dodanni Nishikado ya yi niyya ba. Ya gwada tankoki da jirage, ya kuma yi tunanin mutane, amma aka ga harbin mutane bai dace ba, sai ya zana halittu masu kama da kaguwa da wasu dabbobin teku. Launin da ake gani a tsofaffin na'urorin ma ba na gaske ba ne, leda ce mai launi aka manna a kan allon fari da baƙi. Duk da haka a Japan sai da aka buɗe shaguna na wannan wasa kaɗai, mutane na zuba kuɗin ƙarfe na yen 100 a cikin na'urar don su yi wasa. Kamfanin Midway ya kai shi Amurka, a 1980 kuma ya shiga gidaje ta na'urar Atari 2600.

Maki ba su da yawa: 10 a sahu biyun ƙasa, 20 a biyun tsakiya, 30 a na sama. Riba tana wurin jirgin nan mai kama da faifai da ke giftawa ta sama jefi-jefi, wanda ke ba da 50 zuwa 300. Mutum zai ɗauka sa'a ce, alhali lissafi ne: in ka same shi da harbinka na 23 za ka ci 300, daga nan kuma duk harbi na 15. Yanzu da ƙirge nake wasa, in na kai 22 in janye yatsa in lafe bayan ganuwa sai ya fito. Wahalar ita ce riƙe ƙirgen a ka yayin da harsasai ke zubo maka, kuma in ka share rundunar, sabuwa za ta fito daga wurin da ya fi na da kusa da kai.