Darussa daga aikin George Cattermole, mai zanen tarihi da fentin ruwa

Duk ɗalibin zane da ya zauna da hotunan George Cattermole zai lura cewa gini ne ke riƙe da su. An haife shi a ƙauyen Dickleburgh da ke Norfolk a Ingila a 1800, kuma tun yana ɗan shekara 14 ya fara zana manyan majami'u wa John Britton, mai wallafa littattafai kan tsoffin gine-gine. Aikin awo ne tsantsa: ginshiƙi, baka, matakala, yadda haske ke shigowa ta taga. Shi ya sa da ya koma zanen al'amuran tarihi, mahaya da sulke, 'yan zuhudu a zauren cin abinci, mutanen yaƙin basasar Ingila na ƙarni na 17, kowane mutum nasa yana tsaye a ɗakin da za a iya ginawa. A ganina wannan ne darasi na farko. A gama shata ginin da fensir, a tsayar da layin ido, sannan a sa mutane. Wanda ya fara da mutum zai ƙare da ƙofar da ba ta isa ya wuce ba.

Inda aka fi ƙaruwa da shi shi ne wajen fentin kansa. Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan da Sudan da Chadi da arewacin Najeriya ke fitarwa har yau. A tsohuwar hanya farin takarda shi ne hasken hoto, ana barinsa ba a taɓa ba, a hau daga launi mai haske zuwa mai duhu. Cattermole ya fi karkata ga fenti mai kauri da ake haɗawa da fari, wanda ke rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Da shi ake samun ƙyallin sulke da nauyin yadi a kan duhu.

Amma yana da ƙa'ida. Fenti mai kauri a ƙarshe yake zuwa, bayan shafe-shafen ruwa sun bushe sarai. In aka sa shi da wuri aka bi ta kai da jiƙaƙƙen burushi, farin zai taso ya gauraye, hoton ya dagule kamar ruwan wanki. In aka lafta shi da yawa, ko ƙaro ya yi yawa, sai ya tsage in takarda ta lanƙwashe. Irin farin ma abin lura ne. Farin dalma yana baƙi idan ya haɗu da iskar da ke ɗauke da farar wuta, wadda hayaƙin kwal ya cika Landan da ita. A 1834 ne kamfanin Winsor & Newton ya fito da farin zinki da ba ya yin haka, kuma hakan ya zo daidai da ganiyar Cattermole, wanda ya zama cikakken ɗan ƙungiyar masu fentin ruwa a 1833.

Takarda kuwa, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita ta fi. In ta gaza haka a jiƙa ta na 'yan mintuna, a manne gefunanta huɗu a allo da tef mai danƙo, a bar ta ta bushe a kwance, in ba haka ba ta kumbura fenti ya taru a kwari.

Ya yi wa littattafan marubuci Charles Dickens zane a 1840 da 1841, kuma gine-gine da cikin ɗakuna aka fi ba shi. A baje kolin Faris na 1855 ya samu lambar zinare. Amma tun a farkon shekarun 1850 ya riga ya bar ƙungiyar masu fentin ruwa ya koma fentin mai, kuma bai sake samun karɓuwa irin ta da ba har ya rasu a 1868. Hannunsa ya saba da fentin da ke bushewa cikin mintuna, inda ake yanke shawara sau ɗaya. Fentin mai yana kwanaki bai bushe ba, ana ta komawa kansa, kuma saurin nan da ke ba hotunansa rai shi ne abin da bai bi shi can ba.