Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsayuwar da Ake Auna Jiki da Ita

Makon jiya mun tsaya a ranar da na fara koyon aikin gashin ƙashi a asibitin Komfo Anokye na Kumasi, wanda mutanen gari ke kira Gee. Darasin farko tsayuwa ce. Mutum ya miƙe cak, fuska gaba, ƙafafu a jere, hannaye a sake a gefe, tafin hannu na kallon gaba, babban yatsa a waje. Duk abin da likita zai rubuta game da jiki daga wannan tsayuwa yake auna shi, ko da majinyacin na kwance rigingine ko rub da ciki.

Tafin hannun ne ke ɗaure wa ɗalibai kai, don babu mai tsayawa haka a tashar mota. Ƙasusuwa biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, rediyas da alna. In tafi na kallon gaba suna jere kamar layin dogo, in ka kife shi sai rediyas ya haye kan alna. Buɗe tafi sama kamar mai addu'a shi ne sufineshan, kife shi kamar a sujada kuma furoneshan.

Dama da hagu na majinyaci ne, ba na mai duba shi ba. Shi ya sa mai ɗaukar hoton ƙashi ke ɗora harafin dalma, R ko L, a kan faranti kafin ya danna. Wanda ya bari sai daga baya ya rubuta, shi ke mayar da gwiwar hagu ta dama.

Sai yanka uku da ake raba jiki da su a zuci. Duk wanda ya ga mahauci ya tsaga rago biyu ta bin ƙashin baya, dama daban hagu daban, ya ga sajital. Koronal na raba gaba da baya. Tiransbas na raba sama da ƙasa, kamar yankan burodi, kuma haka na'urar CT, mai ɗaukar hoton jiki yanka-yanka, ke nuna ciki. Daga wajen ƙafafu ake kallon hoton, don haka hanta, wadda ke dama, a hagun allo take fitowa.

Kowane yanka da motsinsa. Lanƙwasawa da miƙewa a sajital suke, kamar ruku'u da ɗagowa. Ware hannu daga jiki da dawo da shi a koronal suke, kamar yadda 'yan kayaye, masu dako a kasuwar Kejetia, ke ɗaga hannu ta gefe su tallafe kaya a ka. Juya kai dama da hagu wajen sallama kuwa tiransbas ne.

A ganina amfanin duk wannan a gwiwa ya fi fitowa. Dattijo daga unguwar Aboabo ko Asawase tambayarsa ɗaya ce: "Ɗana, yaushe zan koma zaman tahiya a ƙasa?" Ba a amsa masa da ido. Sai a ce, "Baba, ku kwanta rigingine," a ɗauko goniyomita, ma'aunin kusurwa mai hannu biyu. Cibiyarsa a kan tudun ƙashin da ke gefen gwiwa ta waje, hannu ɗaya ya nufi tudun ƙashin ƙugu, ɗayan ya nufi idon sawu na waje. Ƙafa a miƙe digiri 0 ce. Tafiya na bukatar gwiwa ta lanƙwasu kamar digiri 60, zama a kujera 90, lafiyayyar gwiwa na kai 135 zuwa 140. Zama a kan diddige kuwa yana neman wajen 150, nauyin jiki ne ke ƙarasa danne ta. Mai 100 dai kujera za a ba shi tukuna.

Awon na ɓaci idan majinyaci ya karkata cinya waje don gudun zafi, ko wando ya rufe tudun ƙashin aka ɗora cibiya bisa tsammani. Bambancin digiri 5 tsakanin awon jiya da na yau ba a kiransa sauƙi, hannun mai awo kaɗai na iya kawo shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai kafaɗa, da ranar da aka fara barina da majinyaci ni kaɗai.