Yadda Pink Floyd suka yi wasa ba ɗan kallo a Pompeii

A Oktoban 1971 darakta Adrian Maben ya kai Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan rock ta Birtaniya, tsohon dandalin wasan Romawa da ke Pompeii a Italiya don ya ɗauki wasansu a fim. Kujerun dutsen wayam, sai maɗauka hoto da injiniyoyin sauti. Da kyamarorin fim na milimita 35 aka yi aikin, sautin kuma aka naɗe shi a na'ura mai layi 8.

Wuta ce ta fara kawo cikas. Lantarkin da ke wurin ya kasa ɗaukar tulin amfilifaya da lasifikokinsu, sai da aka jawo doguwar waya tun daga cikin gari. Kwanaki suka salwanta, waƙoƙi uku kacal aka samu a can: Echoes, A Saucerful of Secrets da One of These Days. Ragowar a sutudiyo aka ƙarasa su a Paris cikin Disamba. Mai lura zai gane inda aka yi haɗin, domin gemun Richard Wright, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, na nan a Pompeii, a Paris kuwa ya aske. A One of These Days kusan Nick Mason kaɗai ake gani yana dukan ganguna, saboda faifan da aka ɗauki sauran ya ɓace.

Fim ɗin ya fita a 1972. A 2025 aka gyara hotonsa zuwa 4K, mawaƙi Steven Wilson ya sake haɗa sautin, aka kuma fitar da shi a matsayin kundin waƙoƙi. A ganina Echoes kaɗai ta biya kuɗin.