Ranar da inuwa ta ƙi bin agogo a Kaduna

A watan Fabrairu na fito da 'yan SS2 filin makaranta, muka kafa sanda don mu kama tsakar rana. Littafinmu cewa ya yi inuwa ta fi gajarta da ƙarfe 12. Sha biyu ta buga, inuwa na ta raguwa abinta. 12:30 ma haka. Sai wajen 12:44 ta fara tsawo. Me yara za su yi in ba dariya ba? "Malam, ko rana ce ta makara?" Har yau minti 44 ɗin nan na ci mini rai.

Baba mai gadi ko gezau bai yi ba. Shi da ke lura da zawali saboda Azahar, ya daɗe da sanin ba ya faɗuwa a sa'a guda duk shekara.

Ga inda mintocin suka tafi. An ɗora agogon Najeriya kan layin digiri 15 na gabas, wanda ya bi ta wajen Njamena. Kaduna kuwa tana kusan digiri 7.4, wato ratar kusan digiri 7.6, kuma kowane digiri minti 4 ne na juyawar duniya. Minti 30 ke nan. Ragowar 14 daga tafiyar duniya suke: tana ƙara sauri a Janairu idan ta matso rana, ga ta kuma a karkace. Wannan ragowar kuwa sauyawa take cikin shekara, shi ya sa a farkon Nuwamba tsakar ranar Kaduna kan dawo wajen 12:14.

Abin da ya sanyaya mini rai, dariyar ce ta buɗe darasin da na jima ina neman ƙofarsa. Masanin kimiyya Newton a 1687 ya ɗauki lokaci abu ne mai gudana iri ɗaya ko'ina. Wani masanin, Einstein, ya rushe wannan a 1905 da 1915: gudu da ƙarfin jan nauyi suna sauya tafiyar agogo. Agogon taurarin ɗan Adam na GPS, masu nuna wa waya inda take, yana gaba da namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, in ba a gyara ba taswirar wayarka ta ɓata da kilomitoci. Na jaddada musu cewa minti 44 ɗinmu ba na Einstein ba ne, sai dai tambayar ɗaya ce: agogon wa? Ko sakan ɗin, tun 1967 ba da rana ake auna shi ba, da ƙwayar sinadarin sisiyam ne.

In za ka gwada, don Allah kada ka yi wa yara alƙawarin ƙarfe 12. Ka daidaita sandar da igiya da dutse irin na magina, ka riƙa alama duk minti biyar daga 11:30 har bayan ƙarfe ɗaya. Ka guji ranar hazo, bakin inuwa dusashewa yake. Tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta ma ba su da amfani a nan, rana na bi ta kan kai, inuwar sai ta shige gindin sanda.