Asabar a Wadata: salular Kawu

Kawu ya iso Yamai daga Tawa shekaranjiya don ganin likitan ido. Yau da hantsi ya miƙo mini salularsa, ya ce: "Ɗiyata, duba mini abin ga. In na aika saƙon murya, mutanen gida su ce ba su ji komi ba."

Ashe wani jikansa ne ya ji a fada ana cewa waya tana sauraren mutane, sai ya kashe makirfo ɗungurungum. Tun Android 12, wanda ya fito a 2021, akwai maɓalli guda da ke yin haka, kuma da an taɓa shi ba manhajar da za ta ƙara jin komi. Wayar takan fito da ɗan rubutu tana tambaya ko a buɗe, amma ina Kawu zai gan shi? Yaron alheri ya nufa. Sai dai wanda ganinsa ya ragu, murya ce alƙalaminsa.

Na kunna, sannan muka shiga Paramètres, wato saitin waya, wajen Confidentialité, sashen kare sirri, muka bi manhajojin da aka bai wa izinin makirfo ɗaya bayan ɗaya. WhatsApp da kyamara na bar su. Amma har da wata tocila da wani wasan ludo. Me tocila za ta yi da muryar mutum? Na hana su. Akwai kuma shafin da ke nuna duk manhajar da ta buɗe makirfo cikin awa 24 da suka wuce. Na gaya masa ɗigon kore yakan bayyana can sama a kusurwa idan ana ɗaukar murya, a iPhone kuwa ruwan lemu ne, tun 2020. Ya kai wayar dab da fuska, bai gan shi ba. Abin ya sosa mini rai, don an yi wannan gargaɗi ne kamar kowa mai lafiyar ido ne.

Bayan azahar muka koma Accessibilité, sashen da ke sauƙaƙa wa masu naƙasa aiki da waya. Na ƙara girman rubutu har ƙarshe, na kunna mai faɗaɗa allo. Mun gwada TalkBack, mai karanto abin da yatsa ya taɓa. Faransancin bai dame shi ba, tsohon malamin lakkal ne, amma hannu sai ya sake koyo: taɓawa ɗaya ta karanta, biyu ta buɗe, jan shafi kuma da yatsa biyu. Ya gaji. Na saita masa yadda in ya danne maɓallan ƙara biyu na daƙiƙa 3 zai kunna ko ya kashe da kansa.

A nan ne gabana ya faɗi. Cikin jerin manhajojin da ke wannan sashe na tarar da wata manhaja wai ta share datti, an tura masa ita daga wata wayar, kuma an ba ta cikakken izinin Accessibilité. Wannan izini don makafi da masu naƙasa aka yi shi, shi ya sa mai riƙe da shi yake iya karanta duk abin da ke allo, har ya danna maɓalli a madadin mai waya. Ɓarayin intanet sun daɗe da gano wannan hanya, har Android 13 ta tsananta wa manhajojin da ba daga Play Store suka fito ba. Kawu kuwa ta wannan wayar ɗansa na Abijan ke aiko masa kuɗin magani, lambar karɓa ma a saƙo take zuwa. Na cire izinin, na goge ta, na roƙe shi duk wanda zai sa masa sabon abu ya kira ni tukuna.

Baban Nana da ya dawo ya ji labari, ya ce gobe in duba kwamfutar hannu ta yara, don wasannin da ke cikinta duk a kasuwa aka zuba su.